Agwagwa Mai Koren Ƙyalle

A wannan watan Rakiya ke cika shekara takwas da rasuwa. Matata ce, kuma malama ce a sashen likitan dabbobi na jami'a, inda take koyar da yadda jikin dabba yake daga ciki. Ni kuwa atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwa tun ina saurayi, bokona bai wuce sakandare ba, kuma ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata agwagwa da ta bar mini, da wata buƙata da aka zo mini da ita a kan agwagwar tun kafin azumi, wadda ta hana ni sakat har tsakiyar bazara.

Duk wanda ya san gidanmu na Mabera a wancan zamanin, da agwagi ya san shi. Ko ɗan kabu-kabu ka ce wa gidan agwagi, ba sai ka ƙara masa bayani ba. Dangin Rakiya malamai ne, ba su taɓa hana ta karatu ba, amma maganar agwagwar nan ta tsaya musu a rai. Wani kawunta ya taɓa tare ni a wurin ɗaurin aure ya ce, "Alhaji, dut karatun ga da ɗiyag ga tay yi, ta rasa abin bi sai abin da ka wuni cikin kwata?" Na ce masa ni ma kullum tambayar da nake yi mata ke nan, amma maimakon amsa sai ta miƙo mini wuƙa.

Abin da take nema a jikinsu wata 'yar ƙwaya ce da suke kira tayirod, wadda idan ta kumbura a wuyan mutum muke cewa maƙoƙo ya fito masa. Ni na ɗauka a maƙogwaro za a same ta, kamar ta mutum. Ashe a jikin agwagwa can ƙasa take, inda wuya ya shige ƙirji, guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a laɓe kusa da babbar jijiyar jini. Ja ce mai duhu, kuma ko ta ƙaton toro da ƙyar ta kai ƙwayar wake. Ranar da ta fara nuna mini ita a bakin ɗan hantsakinta, sai da na sa hannu na goge idona. Na ce, don wannan ne aka mayar mini da tsakar gida fadama? Ta ce i, kuma wannan ɗin da na raina ita ke faɗa wa jiki yadda zai girma, da lokacin da gashi zai zube wani ya fito, da yawan ɗumin da jiki zai riƙe.

Tambayarta ba mai wuyar ganewa ba ce, ko ni na gane ta. Ta ce yawancin abin da aka rubuta a kan wannan ƙwaya, a kan agwagin ƙasashen sanyi aka rubuta shi. Namu kuwa na gida, waɗanda ta fara saye a hannun matan Kwalkwalawa, cikin zafin Sakkwato ake ƙyanƙyashe su, cikinsa suke tsufa. Tana so ta ga yadda ƙwayar take somawa tun ɗan yana cikin ƙwai, yadda take tsirowa a maƙoshi ta rabu biyu ta gangara ƙasa ta zauna, sannan ta bi ta daga ƙyanƙyasa zuwa girma, daga girma zuwa tsufa. Ƙwai nawa ta fasa a gabana, Allah kaɗai ya sani. Ni ɗan kasuwa, ina kallo ina jin zafin asara, ita tana leƙen wata 'yar tsoka kamar an ba ta kujerar Makka.

Aikin yanka nawa ne. Ta san babu laifi mace ta yanka, ita da ta tashi gaban malamai, amma ta ce idan maƙwabta suka ji hannunta ne babu mai cin naman, ita kuma ba ta yarda a ɗauki rai a zubar da nama ba. Don haka ranar Asabar da hantsi, kafin in fita kasuwa, sai in tsuguna bakin magudanar ruwa in yi bisimilla in yanka. Doka ɗaya ce a gidan, kuma har yaranmu sun haddace ta: ba a tsoma agwagwa a ruwan zafi sai Malama ta gama. Ko'ina a garin nan, da an yanka sai ruwan zafi a fige. Ita kuwa ta ce ruwan zafi dafa ƙwayar yake yi, in kuma aka yi jinkiri ta lalace da kanta. Tana buɗe ƙirjin tun jikin da ɗuminsa, ta ciro ƙwayoyin biyu, ta jefa su cikin 'yar kwalba mai wani ruwa da ke sa ido hawaye. Bayan haka ne ake fige nama a raba wa maƙwabta. Wasu su karɓa da murna, wasu su ce naman agwagwa na tayar musu da tsohon ciwo, su mayar da kwano da godiya.

Da yake duk aikin ya rataya ne a kan sanin shekarun kowace agwagwa, sai ta ɗauko dabarar matan ƙauye ta ɗaura musu ƙyalle a ƙafa. Sai dai su mata suna ɗaurawa ne don a san mai ita, ita kuwa don a san lokacin ƙyanƙyasa. Guntayen yadin shagona ne suka tafi a haka. Kowane zubi da launinsa, masu ja daban, masu shuɗi daban, masu ruwan ƙwai daban. Na sha dawowa da yamma ta tare ni tun ban cire takalmi ba ta ce, "Alhaji, ina ƙyallena?" Ban taɓa auren macen da aka kawo wa turmin atamfa ta ajiye gefe ta tambayi guntu ba sai ita, kuma ita kaɗai na taɓa aura.

Ta gama na cikin ƙwai, ta gama na ƙanana, ta gama na matasa. Saura manya, waɗanda ta yi shekaru tana kiwo tana jiran su tsufa. Su ne ƙarshen aikin, kuma su ta fi ji da su. A nan ne rashin lafiya ta 'yan kwanaki ta kwantar da ita, cikin tsakiyar zafi, kuma Allah ya karɓi abinsa.

Ina waje kan tabarma ina karɓar gaisuwa, mata suna ciki sun cika gida. Ranar sadakar uku aka fito da abinci, na ga nama ya yi yawa, ban kawo komai a raina ba. Sai da jama'a suka ragu na shiga ciki, na tarar da tsakar gida fayau, gashin agwagi jiƙe a cikin kwando, ga ƙyallaye ja da shuɗi an tsinke an zubar tare da kayan ciki. Babbar yayata, Inno, wadda ta riƙe ragamar girki, ita ta zo da kanta ta yi mini bayani, fuskarta a sake, don a ganinta alheri ta yi. Ta ce, "Na ga duk masu ƙyalle nata na, shi as sa nac ce a yanke su a yi mata sadaka, lada ta iske ta inda take." Me zan ce mata? Kowace mace a gidan nan haka ta karanta ƙyallen, kuma ni ma in ban zauna da Rakiya ba haka zan karanta shi. Na ce Allah ya karɓa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban yi kuka a maƙabarta ba, a ranar nan na yi.

Waɗanda suka tsira 'yan tsaki ne na zubin ƙarshe, masu koren ƙyalle, don ba su kai a ɗora musu tukunya ba. Na riƙe su ba don na san abin da zan yi da su ba. Shirwa ta ɗauki wasu, ciwo ya ci wasu, wata mota ta taka ɗaya a ƙofar gida. Yaranmu biyu kuma suka kama gabansu, namijin aiki ya kai shi Abuja, macen aure ya kai ta Kaduna. An yi ta yi mini maganar in sake aure har aka gaji aka bari. Aka wayi gari a gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai sai ka ɗaga murya, saura ni da agwagwa guda.

Wanda bai taɓa zama shi kaɗai ba, zai yi dariya, kuma ban hana shi ba. Agwagin gida ba su da kwakwazo, macen ma wani ɗan sauti take yi ƙasa-ƙasa kamar mai gunaguni. Amma idan na buɗe ƙofa da yamma takan taso daga gindin randa tana rangaji, tana kaɗa wutsiya, ta zo ta tsaya gabana. Nakan gaishe ta, in faɗa mata yadda kasuwa ta kasance, wa ya zo ya ɗaga yadi goma ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Idan ƙyallen ya tsufa nakan yanko wani koren in sake ɗaura mata. Ita kaɗai ce mai rai a gidan nan da hannun Rakiya ya taɓa, in ka cire ni.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Rakiya za ta ce da ta ga yau. Zafin da take auna wa agwagi ya ƙaru, ko ni da ba ni da ma'auni fatata ta faɗa mini. Gishirin da take yi wa mata wa'azi a kansa, mai sinadarin da ke hana maƙoƙo, yanzu a kowane kanti yake. Kalmar tayirod da a da in na faɗa a kasuwa ake zaton sunan maganin sauro ne, yanzu mata na faɗarta a shagona suna zaɓen atamfa, wannan ta ce an gwada ta, waccan ta ce ta ji a waya. Ina jin da ta yi murna, sannan ta gyara musu bayanin, don ba ta iya jin kuskure ta yi shiru. Amma na tabbata abin da za ta fara tambayata ba wannan ba ne. Cewa za ta yi, ina aka kwana a kan manyan?

Wannan tambayar ce ta yi sallama a ƙofata kafin azumi, a bakin Safiya. Safiya ɗalibar Rakiya ce, tana cikin masu zuwa gidanmu ranar Asabar su riƙe mata kwalba, yanzu ita ma malama ce a sashen. Ta ce kayan aikin Malama duk suna nan a hannunta, 'yan gilasan da aka shimfiɗa yankakkun ƙwayoyin a kai, tun daga na cikin ƙwai har na matasa, kuma tana so ta haɗa aikin ta fitar da shi da sunan Malama a gaba. Abin da babu shi ne tsufa. Tsofaffin agwagi ba su da wuyar samu a ƙauye, amma babu mai iya faɗa maka shekarunsu, kuma ba tsatson na Malama ba ne. Tana cikin magana sai ga mai koren ƙyalle ta fito daga bayan randa. Safiya ta dube ta, ta dubi ƙasa, na gane ba yau ta san tana nan ba.

Na ce mata, "Ke nan in an yanka ta, aiki ya cika?"

Ta ce, "Baba, ba ni ɓoye maka. Guda ba ta isa a kafa hujja da ita. Hoto guda za ta ba mu, da 'yan layukka. Amma ita kaɗai ta a garin ga munka san ranad da tah hito ƙwai, kuma Malama da hannunta ta ɗaura mata alama."

Da ta yi mini ƙarya ta ce duniya za ta girgiza, da na fi samun sauƙin korarta. Gaskiyar nan tata ce ta ɗaure ni. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce babu gaggawa daga wajenta, sai dai in sani, idan agwagwar ta mutu da kanta ba a kusa, cikin zafin nan, kafin a ankara ƙwayar ta lalace, an yi biyu babu.

Na yi azumi da maganar nan a raina, na yi salla da ita. Na kira 'yata a waya na faɗa mata, ta ce, "Baba, agwagwa ce fa." Ban ji haushinta ba, ita tana da miji da yara da hayaniyar da za ta kwana cikinta. Na riƙa kawo wa kaina dalilai. Hoto guda me zai ƙara wa mamaciya? Addu'a take buƙata, kuma ina yi. Amma duk dalilin da na kawo, in na juya shi sai in ga ni yake karewa, ba ita ba. Ina tsoron buɗe ƙofa ne babu mai tasowa. Wannan ce gaskiyar maganar, kuma ban ga abin kunya a cikinta ba.

Da bazara ta tsananta sai agwagwar ta fara sauyawa. Gashinta ya zube bai mayar da kyau ba, ta rage ci, ta koma wuni a kwance baki buɗe. Wata rana na dawo na yi sallama ba ta taso ba. Na tsaya a zaure, na kasa ƙarasawa. Da na leƙa na gan ta da rai, ta ɗago kai kawai ta dube ni. A tsayuwar nan ta zaure na gane cewa riƙon da nake yi mata ba zai bar mini ita ba. Tafiya za ta yi ko na yarda ko ban yarda ba, abin da ya rage a hannuna kawai shi ne ko ta tafi da abin da Rakiya ta yi shekaru tana jira, ko ta bar shi.

Na kira Safiya, ta zo da hantsi da kwalbarta da 'yan ƙarafanta. Ta ce in ina so ta zo da wanda zai yanka. Na ce a'a, ba a taɓa yanka wa Malama agwagwa da hannun wani ba. Na ba agwagwar ruwa ta sha, na ɗauke ta, ba ta ko yi fiffika ba, ta saba da hannuna. Na yi bisimilla. Safiya ta durƙusa ta yi aikinta cikin natsuwa, hawaye na zubar mata, ta ce ruwan kwalbar ne. Na ce na sani, haka yake yi wa kowa. Naman na aika wa maƙwabta, ban iya ci ba.

Yanzu da na zauna ina auna abin da ya rage na Rakiya bayan shekara takwas, ba zan cika baki ba. Ba ta gina makaranta ba, ba a sa wa titi sunanta ba, kuma aikin nan idan ya fito, masu karanta shi ba za su cika masallacin unguwarmu ba. Amma akwai wata malama a garin nan da ta ƙi yi wa tsoho ƙarya don ta sami abin da take so, kuma na san a gaban wa ta koyi haka. Akwai ɗalibai da za a koya wa jikin agwagwar ƙasarsu daga agwagwar ƙasarsu. Akwai kuma tambaya guda da wata mace ta yi, aka yi mata dariya, ta bi ta tun daga cikin ƙwai, kuma yau an kai ta inda ta so kai ta, ko da da hoto guda ne. Allah ya jiƙanta, ya sa abin da ta koyar ya zame mata haske. Ni dai ban yi nadama ba, amma kada kowa ya ce mini abin ya zo da sauƙi.

A makon jiya Safiya ta turo mini hoton a waya, wanda ta ɗauka ta madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Ta ce ga ƙwayar tsohuwar, kuma jakunkunan cikinta sun fi na matasan faɗi, kamar yadda Malama ta yi zato. Ina zaune a shago ina kallonsa, wasu da'irori ne manya da ƙanana masu ruwan hoda, kowace da bakin zare mai shuɗi kewaye da ita. Ban gane komai ba, amma na kasa ajiyewa. Maƙwabcina Alhaji Garba, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, wanga sabon zane na? Yaushe yash shigo? Wa ad da shi?"

Na ce masa bai shigo ba, guda ɗaya aka buga, kuma ba za a sake ba. Ya yi tsaki ya koma shagonsa yana zaton rowa nake yi masa. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da zama har masu gadi suka fara jan ƙofofin kasuwa, don yanzu ko na koma gida da wuri babu wanda zan tarar.